Jagorar Digirin Digirgir: Yadda Ake Koya wa Mutum-mutumi Mai Taushi Jin Jikinsa

Hannun ƙarfen da ke walda a masana'antar haɗa motoci yawanci gaɓoɓi shida gare shi, kuma a kowace gaɓa akwai na'urar da ke ƙirga yadda ta juya. Da lambobi shidan nan kwamfuta take sanin inda bakin hannun yake. Yatsan da aka zuba da robar silikon kuwa ba shi da gaɓa ko ɗaya. Duk jikinsa lanƙwasawa yake yi. Idan aka hura masa iska sai ya naɗe ƙwai ko tumatir bai fasa ba, amma bai san ya kama ba, bai kuma san ko abin yana sulɓewa ba. Sai an dasa masa abin ji, wato sensa, kuma dole sensar ta miƙe tare da shi, in ba haka ba ta ɗaure shi ta ɓata taushin da aka yi shi dominsa.

A nan wahalar take, domin roba ba ta mantuwa. Abin da za ta nuna maka yanzu ya dogara da jan da aka yi mata ɗazu, da saurin jan, da zafin ɗakin, har da jan da ta sha jiya. Injiniyoyi da yawa suna ɗaukar wannan hali a matsayin cikas da za a share da manhaja. A ganina shi ne kan binciken. Ɗalibin da ya zauna ya gano dalilin wannan hali, ya rubuta shi da lissafi, sannan ya gwada lissafin a jikin mutum-mutumi, ya yi aikin da masana fannoni biyu, fiziks ɗin abubuwa masu taushi da ƙera mutum-mutumi mai taushi, za su karɓa. A kan wannan ra'ayi na tsara matakan da ke ƙasa.

Mataki na farko: ka san gidajen biyu da za ka shiga

Fiziks ɗin abubuwa masu taushi yana nazarin duk abin da ƙaramin ƙarfi ke sauya wa siffa sosai: roba, kumfar sabulu, fenti, kindirmo, jini, tarin yashi. Bafaranshen nan Pierre-Gilles de Gennes ne ya ɗaga martabar fannin, ya kuma karɓi kyautar Nobel a 1991. Tushen tunanin shi ne, ƙarfin da ke riƙe da sassan waɗannan abubuwa bai yi wa motsin da zafin ɗaki ke jawowa nisa ba. Roba dogayen sarƙoƙin polima ce a cukurkuɗe, an ɗaure su da juna nan da can. In ka ja ta, warware sarƙoƙin kake yi, motsin zafi kuma yana ƙoƙarin mayar da su cikin cukurkuɗewa. Shi ya sa taurinta ya dogara da yawan ɗaurin da kuma zafi. Ma'aunin taurin ƙarfe ya kai gigapaskal 200. Na Sylgard 184, robar da ɗakunan bincike suka fi sani, yana tsakanin megapaskal 1 zuwa 2 ko sama kaɗan, gwargwadon yadda aka gasa ta. Na Ecoflex 00-30, wata robar silikon mai laushi sosai, bai kai kilopaskal 100 ba, wato ƙarfe ya fi ta tauri fiye da sau miliyan.

Ɗaya gidan kuma, wato ƙera mutum-mutumi mai taushi, sabo ne. Tun shekarun 1950 akwai tsokar roba ta McKibben da ake hurawa, amma fannin bai kankama ba sai wajen 2009, lokacin da Cecilia Laschi a Pisa ta ƙasar Italiya ta jagoranci aikin kwaikwayon hannun oktofas, dabbar teku mai hannuwa takwas. A 2011 ɗakin George Whitesides a Harvard ya fito da mutum-mutumin roba mai rarrafe da iska, a 2016 kuma aka nuna Octobot, wanda babu batir ko wani abu mai tauri a jikinsa.

Aikin da nake so kowane sabon ɗalibi ya fara karantawa shi ne na 2010, wanda Eric Brown da Heinrich Jaeger na Jami'ar Chicago suka yi tare da Hod Lipson, wanda yake Cornell a lokacin. Sun cika balan-balan da garin kofi. In aka danna ta a kan abu sai garin ya kwarara ya rungume shi, in aka zuƙe iskar sai ƙwayoyin su cushe su daskare su riƙe abin gam. Raguwar girman da ake bukata bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Cushewar ƙwayoyi tsohuwar tambaya ce a fiziks, Andrea Liu da Sidney Nagel sun yi fitaccen rubutu a kanta a 1998. Ka ga yadda fahimtar abu ta haifi na'ura. Irin wannan tafiya kake nema.

In daga fiziks ka fito, ka koyi zanen kwamfuta, haɗa waya da dalma, da ka'idar sarrafa na'ura. In daga injiniyanci ka fito, ka koma ka karanta fiziks ɗin polima da ilimin kwarara. Kowa kuma ya iya Python da makanikan abin da ke miƙewa sosai, domin dokar Hooke da aka koya maka a sakandare ba ta aiki idan abu ya ninka tsawonsa.

Mataki na biyu: ka zaɓi hanyar ji guda ɗaya

Hanyoyin suna da yawa, shekara uku ko huɗu kuma ba sa isa a ƙware a dukkansu.

Akwai ƙarfe mai ruwa. EGaIn haɗin galiyom ne kusan kashi 75 da indiyom kusan kashi 25, yana narkewa a wajen digiri 15.5, saboda haka ruwa ne a zafin ɗaki. Ana ɗura shi cikin siririyar hanya a jikin roba. Da yake roba ba ta sauya girma in an ja ta, tsawon hanyar yana ƙaruwa faɗinta na raguwa, sai turjiyar lantarki ta bi murabba'in miƙewar: in tsawo ya ninka biyu, turjiya ta ninka huɗu. Lissafin a fili yake. Yong-Lae Park da Robert Wood sun yi fatar roba da wannan dabara a 2012, Michael Dickey a jihar North Carolina kuma ya daɗe yana nazarin siririyar fatar tsatsa da ke samuwa a saman ƙarfen, wadda ke ba shi damar tsayawa cikin hanya. Ka sani galiyom yana cin alminiyom, kar ka bari su haɗu.

Akwai roba da aka cakuɗa da garin baƙin kabon. Ita ce mafi arha, ita ce kuma mafi taurin kai. Lantarki yana bi ta inda ƙwayoyin kabon suka taɓa juna ko suka kusa taɓawa. Ƙasa da wani adadi na kabon babu hanyar da ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, da an wuce adadin kuwa turjiya sai ta faɗi warwas. Kusa da wannan iyaka sensar tana ji sosai, a nan ne kuma ta fi rashin tabbas.

Akwai mai ajiye caji, wato roba tsakanin faranti biyu masu miƙewa. Jinta kaɗan ne, in tsawo ya ninka biyu ajiyar ma ninki biyu kawai take yi, amma ta fi sauran gaskiya da dawowa daidai. Ɗakin Zhenan Bao a Stanford ya nuna a 2010 cewa in aka ƙera ƙananan dala-dala a fuskar robar, jin matsi yana ƙaruwa kuma tana saurin komawa yadda take. Akwai haidirojel mai gishiri, wato ragar polima da ta sha ruwa ta kumbura, wanda Christoph Keplinger da Zhigang Suo da abokan aikinsu suka nuna a 2013 cewa yana ɗaukar lantarki ta hanyar ayon, wato ƙwayoyin gishiri masu ɗauke da caji, yana miƙewa, ana kuma ganin ta cikinsa. Akwai na haske: a 2016 Huichan Zhao da Robert Shepherd a Cornell sun saka jijiyoyin roba masu ɗaukar haske a cikin yatsun hannun roba, hannun ya taɓa tumatir uku ya ware wanda ya fi nuna. Sai masu kyamara a bayan fatar roba, irin GelSight na Edward Adelson a MIT da TacTip na Bristol.

In tambayarka ta fiziks ce, ina ba da shawarar kabon ko haidirojel, domin a nan ne abubuwan da ba a gama ganewa ba suka fi yawa. In burinka sarrafa mutum-mutumi ne, ɗauki ƙarfe mai ruwa ko mai ajiye caji, ka huta da rabin rigima.

Mataki na uku: ka matse tambayar har ta zama jimla ɗaya

"Zan ƙera sabuwar sensa mai taushi" buri ne, bai kai tambaya ba. Ana wallafa irin waɗannan sensoci da yawa kowace shekara, galibinsu ba wanda ke sake amfani da su. Ga irin tambayar da ke riƙe kundi: idan na ja robar kabon na tsayar da ita cak, me ya sa turjiyarta take ci gaba da sauka na tsawon mintuna alhali tsawonta bai motsa ba? Sakin da sarƙoƙin polima ke yi ne, ko ƙwayoyin kabon ne ke sake haɗuwa? Zan iya hasashen saurin saukar daga abin da na auna a jikin robar kaɗai?

Akwai lamba ɗaya da za ta taimake ka ka tsara tunani, ita ce lambar Deborah, wadda Markus Reiner ya gabatar a 1964. Ana raba lokacin da abu ke ɗauka kafin ya saki da lokacin da kake kallonsa. In yatsan mutum-mutumi yana kama abu cikin daƙiƙa ɗaya, robar kuma tana bukatar minti guda ta huce, to kullum a tsakiyar saki kake aunawa. Duk tambayar da za ka rubuta, ka faɗi saurin da mutum-mutuminka zai yi aiki da shi.

Ka gwada tambayar da abu ɗaya: in amsar ta fito saɓanin abin da kake fata, akwai abin wallafawa? In babu, ka sake ta.

Mataki na huɗu: wuri, malami da kuɗi

Irin wannan aiki yana son malamai biyu, ɗaya daga kowane fanni, kuma su kasance suna magana da juna. Wuraren da aka san su da haɗa fannonin sun haɗa da AMOLF a Amsterdam, inda Bas Overvelde da Martin van Hecke suke, Cibiyar Max Planck da ke Stuttgart a Jamus, EPFL a Siwizalan, Sant'Anna da IIT a Italiya, Bristol, Cambridge da Edinburgh a Birtaniya, sai Harvard, Cornell, MIT da Stanford a Amurka. A Holan ɗalibin digirgir ma'aikaci ne mai albashi na shekara huɗu. A Amurka ana ɗaukar shekara biyar zuwa shida, da darussa a farko. Guraben Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai a buɗe suke ga ɗan kowace ƙasa, sharaɗin dai kada ka zauna a ƙasar da za ka je fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka gabata, kuma ana tallata su a shafin EURAXESS. Akwai DAAD ta Jamus da tallafin Commonwealth. Mai zuwa Birtaniya daga Najeriya a irin wannan fanni ya nemi takardar ATAS da wuri, domin sai da ita ake ba da biza.

Kafin ka rubuta wa malami, ka karanta takardunsa biyu na baya-bayan nan, ka kawo tambaya ta gaske a kan ɗaya daga ciki. Ka kuma tambayi ɗalibansa ko ɗakin yana da injin ja da na'urar auna kwarara, da kuma tsawon layin da ake bi kafin a samu amfani da su.

Mataki na biyar: ka iya zuba roba iri ɗaya sau goma

Wannan matakin ana raina shi, kuma shi ke cinye watannin farko. Ecoflex ana haɗa kashi biyu daidai wa daida, kana da kamar minti 45 kafin ta fara kauri, tana kuma ƙamewa cikin awa huɗu. Sylgard 184 goma ne da ɗaya. Ka auna da sikeli, kar ka auna da ido. Ka saka haɗin a tukunyar zuƙe iska har kumfa ta ƙare, domin kumfa ɗaya a cikin samfur ita ce inda zai tsage. Waɗannan robobi da filatinom suke ƙamewa, kuma salfa, safar hannu ta robar lateks, da wasu robobin firintar 3D masu ƙamewa da haske suna kashe shi. In ka ga fuskar robar ta ƙi bushewa tana danƙo, fara binciken daga abin da ya taɓa ta.

Ka rubuta komai a littafi: lambar gwangwani, nauyin kowane kashi, zafin gashi, tsawon lokaci, da kwanakin da samfur ya yi kafin a gwada shi. Zafin gashi kaɗai yana iya ninka taurin Sylgard. In kana haɗa kabon, tsawon lokacin dama da ƙarfinsa suna sauya yadda ƙwayoyin ke bazuwa, saboda haka suna sauya turjiya. Kar ka matsa gaba sai samfura biyar daga zubi uku daban-daban sun ba ka sakamako mai kama da juna.

Wanda zai yi wani ɓangare na aikin a Kano, Zariya ko Yamai ya lura da yanayi. Lokacin hunturu danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20, haidirojel kuwa mafi yawansa ruwa ne, yana bushewa a kan tebur turjiyarsa na sauyawa kana kallo. Ana rage wannan da gishirin litiyom kilorayid, ko gilisarin, ko a lulluɓe shi da siririyar roba. Zafin bazara yana gajarta lokacin zubi. Gwajin da zai kwana yana gudana kuma dole a ɗora shi a kan batir.

Mataki na shida: ka auna robar kafin ka kira ta sensa

A nan nake so ka daɗe. Ka yanka samfur mai siffar ƙashi, siriri a tsakiya mai faɗi a kai biyu, kamar yadda ƙa'idar ASTM D412 ko ISO 37 ta tsara. Ka ja shi kana auna ƙarfi da tsawo. Kar ka yarda da tafiyar injin a matsayin miƙewar roba, domin roba tana zamewa daga haƙoran da suka riƙe ta. Ka ɗiga alamomi a tsakiyar samfur ka bi su da kyamara. Wanda ba shi da babban inji yana iya haɗa nasa da ƙaramar mota mai tafiya taki-taki, ma'aunin nauyi, da allon Arduino, wato ƙaramar kwamfutar sarrafa na'ura, muddin ya saita shi da nauyin da aka sani.

Abu na farko da za ka gani: jan farko ya fi na biyu tauri. Duk wanda ya taɓa ɗaura sabon danƙo a gwafar harbi ya san haka, bayan 'yan harbi kaɗan sai ya yi laushi ya tsaya a nan. Leonard Mullins ya yi nazarin wannan tun ƙarshen shekarun 1940, da sunansa ake kiran abin. Robar tana tuna jan da ya fi kowane tsawo da ta taɓa sha. Saboda haka kafin kowane gwaji ka ja samfur sau biyar zuwa goma, ka ɗan wuce iyakar da za ka yi aiki a kai. Ka kuma sani in ya huta kwanaki, musamman a wuri mai ɗumi, wani ɓangare na taurin yana dawowa.

Abu na biyu: layin tafiya da layin dawowa ba sa haɗuwa. A tsawo ɗaya, ƙarfin da ka auna kana ja ya fi wanda ka auna kana saki. Filin da ke tsakanin layukan biyu makamashi ne da ya zama zafi. Ka maimaita da sauri uku aƙalla, kowanne ya ninka na baya sau goma, ka ga yadda filin ke buɗewa ko tsukewa.

Abu na uku: ka ja ka tsayar, ka bar shi awa guda kana rubuta ƙarfi. Zai yi ta sauka, da sauri a farko sannan a hankali. Ka zana shi da ma'aunin logaridim a ɓangaren lokaci, a nan za ka gane cewa lokacin saki ba guda ɗaya ba ne, jeri ne daga daƙiƙa zuwa awoyi. Jerin Prony shi ne hanyar da aka saba rubuta wannan.

Daga nan sai ka daidaita ka'idar miƙewa: ta Mooney da Rivlin, ta Ogden ta 1972, ko ta Gent ta 1996 wadda ta lura da cewa sarƙa tana da iyakar miƙewa. Ga kuskuren da ya cika takardu: a ja samfur ta fuska ɗaya kawai, a fitar da lambobi, sannan a yi amfani da su wajen hasashen yatsan da ake hurawa, alhali bangon yatsan ta fuska biyu yake miƙewa. Ka ƙara gwajin hura faifan roba ko na jan faffaɗan samfur. L. R. G. Treloar ya yi irin waɗannan gwaje-gwaje a 1944, har yau da bayanansa ake gwada sababbin ka'idoji.

Mataki na bakwai: lantarki da ƙarfi a agogo ɗaya

Yanzu ka haɗa waya. Inda roba mai taushi ta haɗu da waya mai tauri, nan ne sensoci suka fi mutuwa, nan ne kuma ƙaryar awo ta fi fitowa. Ka ajiye mahaɗar a wurin da ba ya miƙewa. Ka yi awo da waya huɗu, biyu su kai lantarki biyu su auna, musamman ga ƙarfe mai ruwa wanda turjiyarsa 'yan om ne kawai. Mai ajiye caji yana aiki da pikofarad, hannunka in ya matso kusa yana sauya karatun, sai an yi masa garkuwa. Haidirojel kuma da lantarki mai kai-da-komo ake auna shi, ƙasa da bolt ɗaya, domin daga wajen bolt 1.23 ruwa yana iya fara rabuwa.

Sai abin da na fi jaddadawa. Ƙarfi, tsawo da turjiya dole na'ura ɗaya ta rubuta su da agogo ɗaya. In akwai jinkirin ko da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa tsakanin rubutun biyu, zanenka zai nuna bambancin tafiya da dawowa wanda babu shi a jikin robar. Ka tabbatar da tsarinka da abin da ka san ba shi da wannan hali, misali sifirin na ƙarfe haɗe da ma'aunin tsawo.

In robar kabon ka zaɓa, za ka ga abubuwan mamaki. Turjiya takan yi tsalle da zarar ka motsa, ko da saki ka yi. Wani lokaci tana yin ƙaramin tudu a hanyar dawowa. A. R. Payne ya nuna a farkon shekarun 1960 cewa taurin robar da aka cika da kabon yana faɗuwa in aka ƙara girman girgiza, saboda ragar da ƙwayoyin suka saƙa tana tsinkewa. Ragar nan ita ce dai ke ɗaukar lantarki. Ma'ana, abin da injin ja yake ji da abin da mitar lantarki take gani labarin raga ɗaya ne ta taga biyu. Ka saka samfur a na'urar auna kwarara, ka girgiza shi kana auna turjiya a lokaci guda, ka sauya yawan kabon, girman girgiza da zafi. Babi mafi ƙarfi a kundinka daga wannan tebur zai fito.

Mataki na takwas: lissafi tukuna, koyon na'ura daga baya

A 2019 Thomas George Thuruthel, Benjamin Shih, Cecilia Laschi da Michael Tolley sun dasa sensocin kabon a yatsan roba, suka horar da manhajar koyo mai riƙe tarihin abin da ya wuce, ta iya faɗin inda yatsan yake da ƙarfin da ya taɓa abu. Aikin ya nuna hanyar tana yiwuwa, mutane da yawa kuma sun bi ta. Matsalar ita ce manhajar sensa ɗaya ta sani, a ranar da aka horar da ita. Ka zuba sabuwa, ko ka bar tsohuwar ta yi mako, sai hasashen ya fara kaucewa, kuma ba za ta gaya maka dalili ba.

Ka fara da ƙaramin lissafi mai sassa kaɗan da kowannensu ke da ma'ana: miƙewar roba, sakinta, da adadin mahaɗan kabon da ke tsinkewa suna sake ƙulluwa. Abin da ya rage wanda lissafin bai kama ba, shi za ka ba ƙaramar manhajar koyo. Wajen gwaji kar ka cakuɗa bayanai ka ɗebi wasu da ka, domin maki biyu da ke maƙwabtaka a lokaci kusan abu ɗaya ne, sakamakon zai yi kyau na ƙarya. Ka horar da bayanan Litinin ka gwada da na Juma'a, ka horar da wannan sensa ka gwada da waccan, ka horar da sauri ɗaya ka gwada da wani. Don hasashen siffar jiki akwai manhajojin Abaqus da COMSOL masu tsada, akwai kuma FEniCS da SOFA na kyauta, shi SOFA ƙungiyar Christian Duriez a Lille ta Faransa ta gina masa kayan aikin mutum-mutumi mai taushi.

Akwai wata ƙofa da ta cancanci leƙawa. A 2015 Kohei Nakajima da Helmut Hauser da abokan aikinsu sun nuna cewa hannun silikon da ke kaɗawa cikin ruwa yana iya yin wani ɓangare na lissafi da jikinsa, saboda motsinsa na yanzu yana ɗauke da tarihin motsin baya. Rashin mantuwar da ke damun mai awo ita ce ta zama abin amfani a nan. Ɗalibin da ya auna lokutan sakin robarsa da kyau yana da damar tambayar wane irin tuni ne ya dace da wane aiki.

Mataki na tara: ka kai ta jikin mutum-mutumi

Yatsa ɗaya da ake hurawa ya isa. Shafin Soft Robotics Toolkit da aka fara a Harvard yana da zanen mazubi kyauta. Ka lura cewa sensar tana sauya yadda yatsan ke lanƙwasa, ka auna shi da ita da kuma babu ita. Kana bukatar shaidar gaskiya daga waje, kyamara da alamomi a jikin yatsa. Sannan ka rufe da'irar: karatun sensa ya riƙa sarrafa bawul ɗin iska, yatsan ya riƙe kusurwa ɗaya na minti goma ko ya kama abu da ƙarfin da aka ƙayyade. Ka kwatanta sakamako uku, babu sensa, da sensa ba gyara, da sensa tare da lissafinka. Ka bar shi ya yi dubban lanƙwasa, ka faɗi lokacin da ya lalace da inda ya lalace. In za a ɗaura na'urar a jikin mutum, izinin kwamitin ɗa'a yakan ɗauki watanni, ka nema tun kafin ka bukace shi.

Mataki na goma: wallafawa da kare kundi

Ɓangaren fiziks ya dace da mujallar Soft Matter, wadda ta fara fita a 2005. Ɓangaren na'ura ya dace da Soft Robotics ta 2014, Science Robotics ta 2016, ko taron RoboSoft wanda aka fara a Livorno a 2018. Ka ajiye ɗanyen bayanai da manhajarka inda kowa zai iya sauke su. A kowane zane ka rubuta adadin samfura, adadin zubi, saurin ja, zafin ɗaki, da ko an jajja robar don ta yi laushi kafin gwaji. Ka nuna layin dawowa tare da na tafiya, ko da bai yi kyau a ido ba.

Ka fara rubuta babin hanyoyin aiki tun shekarar farko, lokacin da kake tuna dalilin kowane zaɓi. Ranar kare kundi masanin fiziks zai tambaye ka yadda ka raba sakin polima da sake haɗuwar kabon, da abin da zai faru in aka sauya zafi da digiri goma. Masanin mutum-mutumi zai tambaye ka daƙiƙa nawa lissafinka yake ɗauka a ƙaramar kwamfuta, da ko sai an sake saita komai in an zuba sabon yatsa. Ka rubuta waɗannan tambayoyi huɗu a shafin farko na littafin ɗakin gwajinka, ka tsara gwajin da zai amsa kowace ɗaya kafin ƙarshen shekara ta biyu.